Hannun Auta Ba Tabo

A unguwarsu ba mai kiranta da sunan yanka. Naɗe-Hannu ake ce mata, da farko a bayan idonta, daga baya har a gabanta, ita kuwa a lokacin ko a jikinta, har daɗin sunan take ji. Yanzu ne idan wani ya yi suɓutar baki ya faɗa, sai ka ga ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanen da ba abin da ya same shi. Waɗanda suka san abin da ya faru sun daina. Yaya kawai suke ce mata, yadda ƙanenta ya saba kiranta.

Ita ce 'yar fari a ɗakinsu. Mahaifiyarsu ta rasu Auta yana rarrafe, don haka a bayanta ya yi wayo. Ita ta yaye shi, ita ta cire masa haƙorin farko da zare, ita take tsayawa a ƙofar makaranta da sanda idan wani ƙato ya ƙwace masa abin tara. Har ya yi gemu ya ajiye iyali, in ya ɗaga mata murya sai ta ce, "Kai, rufe min baki, har yau bayana warin fitsarinka yake yi." Shi kuma ya bushe da dariya ya ce, "To ai turare ne, Yaya, ki gode min."

Aure ne ya kai ta babban birnin da ke bakin teku. Mijinta ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, ita kuma ta samu aikin shara a wani ƙaramin asibiti da ke bayan tashar, inda ake kula da 'yan shaye-shaye. Daga tsintsiya ta koma wankin miki, daga nan riƙe wa nas tire, har aka tura ta kwas ta dawo mataimakiyar nas da farar riga. Mijin ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, amma ba ta bar aikin ba sai da gwiwoyinta suka ce sun gaji da hawan bene.

Abin da idonta ya gani a asibitin nan ba kyan faɗa. Hodar da likitoci ke kira hiroyin ta jirgin ruwa take shigowa birnin, fara tas. A cokali ake narka ta, a zuƙa da sirinji, a nemi jijiya. Masu yin ta yawanci samari ne marasa aikin yi, masu kwana a ƙarƙashin gada, kuma duk zafin rana za ka gan su da riga mai dogon hannu. Shi ya sa maganar farko da take yi wa duk wanda ya shigo ita ce, "Naɗe hannun rigarka." Baki yana ƙarya, in ji ta, amma hannu ba ya yi. Ɗige-ɗigen nan baƙaƙe da ke bin jijiya tun daga gwiwar hannu, ko da ido ɗaya ta kalla ta san na jiya, ta san na bara. Wanda jijiyoyin hannunsa suka mutu, ta san ta ce ya cire takalmi ta duba tsakanin yatsun ƙafa.

A can asibitin har sabon sirinji suke bayarwa, a kawo tsoho a karɓi sabo. Da farko abin ya tsaya mata a wuya. Ta ce da babbar nas, "Wannan ai taya ɓera ɓari ne." Babbar nas ta ce ta yi haƙuri ta zuba ido. Ta zuba, ta kuma ga yadda masu zuwa da kumburarren hannu da ciwon shawara da na hanta suka ragu, ta yi shiru ta ci gaba da rabawa. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Da ta ajiye aiki sai ta tattaro komatsanta ta dawo gida. Garinsu yana can cikin ƙasa, nesa da teku, a kan titin da manyan motoci ke bi da kaya. Direbobi a nan suke yada zango, su ci abinci, a duba musu birki da taya. Auta facin taya yake yi a bakin tashar motocin. Rumfarsa ta kwano ce, da injin iska mai tari kafin ya tashi, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda yake nutsa tiyub ya nemi kumfa, da dogayen ƙarafunan ɓanɓare taya a jingine. Tayar babbar mota ta fi mutum nauyi, shi kaɗai yake kayar da ita ya tayar. Tun kafin ta dawo ya gina mata ɗaki a gidansa, mai taga biyu, ya ce ba za ta yi zaman haya ba yana raye. Matarsa, mace mai sanyin magana da 'ya'ya mata biyu, ita ta share ɗakin ta kafa labule.

Ba ta daɗe da dawowa ba umarni ya zo daga sama, wai kowace unguwa ta kafa kwamitin yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Aka aiko da manyan hotuna a manna: wani ramammen saurayi da sirinji a hannu, an ja jan layi a kansa. Hoto ɗaya aka buga wa ƙasar kaf, da na bakin teku da na kan tudu, kamar a ɗinka wa mutanen gari riga da awon mutum ɗaya. Shugaban kwamitin unguwarsu wani dillalin filaye ne mai son taro da lasifika. Da ya ji akwai wadda ta yi aikin da hannunta, da kansa ya zo har gida.

A taron farko ta miƙe ta yi magana, wuri ya yi tsit. Ta ba su labarin ƙarƙashin gada har wasu mata suka share hawaye. Sannan ta ce, "A can wuta ta riga ta kama, shi ya sa muke lallaɓawa. Nan kuwa ba ta iso ba. Rigakafi ya fi magani. Abin nan ba ya shiga jiki sai da allura, to mu hana allurar. Duk mai kemis a garin nan kada ya sake sayar da sirinji sai da takardar likita."

Aka tafa. Kuma a gaskiya, in za a yi mata adalci, maganar ba ta mahaukata ba ce. Da ni ma ina wurin da na tafa. Ita da kanta ta bi kemis-kemis da sandarta tana ɗingishi, tana jan kunne, mai gardama ta ce za ta kai sunansa gaba. Cikin ɗan lokaci sirinji ya fi zinariya wuyar samu a garin. Iyaye mata suka fara jawo mata 'ya'yansu samari, wanda ya cika barci, wanda ya fara tara gashi, wanda ya yi wa ubansa tsaki. Ta zaunar da yaro a kan benci ta ce, "Naɗe hannu." Ta duba, ta juya, ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, rashin kunya ce kawai, a ƙara masa aiki." Uwa ta tafi tana shi mata albarka. Nan sunan ya samo asali. Ba ta taɓa samun ko ɗigo ɗaya ba, shugaban kwamiti kuwa ya riƙa shelar cewa garinsu tsaf yake.

Ashe an rufe ƙofa da ɓarawo a ciki. Abin ya riga ta isowa garin, sai dai ba da kamannin da ta sani ba. Wanda yaran mota ke saukewa a tasha ba fari ba ne, ruwan ƙasa ne, kamar dakakken bulo. Ba kuma zauna-gari-banza ke saye ba. Magidanta ne masu gumi: 'yan dako, makanikai, masu walda, direbobin da suka kwana biyu a kan sitiyari. Irin mutanen da za su ɗauki buhu biyu a ka amma su ga allurar nas su nemi ƙofa. Ba ruwansu da cokali. Takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba suke shimfiɗawa, su zuba kaɗan, su kunna ashana a ƙasa, su zuƙi hayaƙin da bututun biro. Hutun-baya suke kiransa. Kullum suna wucewa ta gaban hoton ramammen saurayin nan, suna girgiza kai suna cewa Allah ya shirya 'yan birni, don ko a mafarki ba su ɗauka abu ɗaya ba ne.

Wata safiya, bayan Auta ya fita, matarsa ta yi sallama a ƙofar ɗakin. Ta shigo da ɗan kwano a rufe, ta durƙusa, ta daɗe tana gaisuwa kamar ba gida ɗaya suka kwana ba.

"Yaya, wata magana ce, ban san ta inda zan fara ba."

"Fara ta baki mana. Ciki ne?"

"A'a. Baban yara ne." Ta buɗe kwanon. Takardu ne masu ƙyalli a cukurkuɗe, kowace da baƙin layi na ƙuna, da bututan biro da aka cire wa tawada, da guntayen ashana. "A aljihunsa nake samu in zan yi wanki. Shi da ba ya shan taba. Biron yara duk ya kwashe. Jiya yana cin abinci barci ya ɗauke shi da loma a hannu. Da safe kuwa hanci na zuba, yana hamma, yana soshe-soshe, ba mai iya yi masa magana sai ya fita ya dawo. Yaya, ina tsoron ko abin nan ne da kike faɗa a taro."

Yaya ta dubi kwanon. Ba tsoro ta fara ji ba, fushi ta ji. Ƙanen Naɗe-Hannu? A gidan da take kwana? Ta ture kwanon da bayan hannu.

"Kin ga cokali mai baƙin gindi?"

"A'a."

"Kin ga sirinji? Kin ga jini a rigarsa?"

"A'a, Yaya, amma..."

"To bari ya dawo."

Da rana ya dawo cin abinci, duk jikinsa baƙin taya, da shuɗiyar rigar aikinsa mai aljihu a ƙirji. Ta kira shi ɗakinta, matar tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Zauna. Naɗe hannu."

Ya dube ta, ya dubi matarsa, ya yi 'yar dariya. "Yau kuma a kaina kwamiti ya sauka?"

"Naɗe, na ce."

Bai yi saurin naɗewa ba, sai ta kama hannun rigar da kanta ta naɗe masa har kafaɗa, kamar yadda take yi masa yana yaro in za ta wanke shi. Ta jawo shi kusa da taga. Hannu ne na mai aiki, jijiyoyi raɗa-raɗa, da kantar riƙe ƙarfe a tafin hannu, amma ɗigo ko ɗaya babu. Ta duba ɗayan. Ta sa ya cire takalmi, ta buɗa yatsun ƙafarsa yana cewa tana yi masa cakulkuli. Babu komai.

Nan ne wurin da har yau yake hana ta sakewa. Da ta ɗago, ta kalli fuskarsa. Ɗakin ba haske sosai, an saki labule ɗaya, amma baƙin tsakiyar idonsa ya ƙanƙance kamar ɗigon biro. Ta san wannan ido. Ta gan shi a bakin teku ba adadi. Idon wanda hodar nan ke jikinsa ne. Amma ga hannu a gabanta sumul, ga matarsa a tsaye tana jira, ga sunan da gari ya ba ta. Sai ta mayar da idonta kan hannun, ta sauke masa rigar, har ta ɓalla masa maɓalli.

"Tashi ka ci abincinka. Gajiya ce, ka rage ɗaukar taya kai kaɗai."

Ya ɗan tsaya kamar mai jiran wani abu. Ta ce, "Me kuma?" Ya ce, "Ba komai, Yaya," ya fita.

Sannan ta juyo kan matar. Kai, ranar ta faɗi maganganun da ba a faɗa wa bare, balle matar ƙane. Ta ce ita ta ga masu shan abin nan fiye da gashin kanta. Ta ce mace ta gari rufa wa mijinta asiri take yi, ba bin aljihunsa da kwano ba. Ta ce in ta gaji da zama da mai facin taya ta fito fili ta faɗa, ba sai ta ɓata masa suna ba. Matar ta tsugunna ta tsince takardun da suka zube, ta mayar a kwano, ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Yaya." Daga ranar ba ta sake kawo maganar ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an nuna mata cewa ruwan da ke ɗiga a kanta ba ruwa ba ne.

Aka yi ta tafiya a haka har shekara ta juyo. Sai hukuma ta kafa shinge a kan babban titi, ana sauke kayan motoci ana bincike da karnuka. Rediyo ya yi ta yabo, kwamiti ya yi taron murna. Kayan ya yi wuya a tasha, ya yi tsada, wanda ake samu ma an cakuɗa shi. Mutanen da suka saba da hutun-baya suka wayi gari ƙashinsu na ciwo, cikinsu na murɗawa, ga taya na jira, ga buhu na jira. A nan wani yaron mota da ya yi zaman bakin teku ya koya musu lissafin 'yan can: hayaƙi asara ne, rabi iska ke sha, amma in ta jijiya ne, ɗan kaɗan ya isa. Mutanen da ke gudun allurar nas suka fara neman sirinji ido rufe. Kuma babu shi a gari, an hana.

Mai kemis na bakin tasha, dattijo mai tsoron Allah da tsoron hukuma daidai wa daida, ya zo ya same ta tana shan iska a ƙofar gida.

"Baiwar Allah, shawara na zo nema. Kwanan nan mutane na ta zuwa neman sirinji. Ba yara ba, manya, mutanen da na sani. Ina hana su. Amma an ce min guda ɗaya suke zagayawa da shi a bayan rumfunan tasha, har wasa bakinsa suke yi a jikin kwalin ashana. Na ce ko a sassauta?"

Wallahi ta san amsar. Ita da ta raba sabo ta karɓi tsoho da hannunta, wa zai gaya mata abin da sirinji ɗaya ke yi wa mutum goma? Amma sassautawa na nufin ta miƙe a gaban lasifikar dillali ta ce ta yi kuskure, abin yana gari tun tuni, duban hannun da ta yi ta yi aikin banza ne. Yana kuma nufin ta tuna idon da ta gani a ɗakinta. Wanzami ba ya son jarfa.

"Baƙi ne 'yan kan hanya," ta ce. "In ka ba su yau, gobe 'ya'yanmu ne. Kada ka kuskura."

Mai kemis ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya dubi ƙofar gidan, ya dube ta, ya ce, "To, ke kika sani," ya tafi. Daga baya ta gane abin da ya haɗiye, wato Auta na cikin masu neman sirinjin, da kuma dalilin da ya sa ya tako har gidan maimakon ya je wurin shugaba.

Auta ya fara sa riga mai dogon hannu har a cikin gida. Ta gani. Ya daina zama kusa da ita, ya daina tsokanarta. Injin iskarsa ya ɓace daga rumfa, ya ce ya kai gyara. Ta ji, ta ce Allah ya sa a gyara da wuri. Mutum in ya ƙi gani, ko fitila ka kunna masa a ido sai ya ce ana duhu.

Wata hantsi matar ta shigo ɗakinta ba sallama. "Yaya, zo. Ya kasa tashi."

Yana kwance yana rawar sanyi, jiki kamar garwashi, fararen idonsa sun koma rawaya, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Ta zauna a bakin gadon. Ba wanda ya ce ta yi, hannunta ne ya tafi da kansa ya kama hannun rigarsa. Wannan karon bai yi dariya ba, ya juya fuska bango. Ta naɗe. Ga su nan a jere tun daga gwiwar hannu, na jiya da na watan jiya, da wani ƙurji da ya yi ruwa. Aikin wanda bai iya ba, da allurar da ta dakushe. Ta ɗago ta kalli matar, matar tana kallon ƙasa.

A babban asibiti likita ya ce ƙwayar cuta ta shiga jini ta kama zuciya, hanta ma ta taɓu, an kuma makara ƙwarai. Ya ce a gwada jinin matar ita ma. Ya tambaya ko ba wanda ya lura da wuri a gidan. Yaya ta sunkuya tana gyara bakin zanenta.

Ta tare a gefen gadonsa, tana goge masa jiki, tana juya shi, tana ba shi ruwa a cokali. Aikin da ta iya ke nan, ta yi shi kamar za ta biya wani abu da shi. Wata la'asar zazzaɓin ya ɗan sauka, matar ta tafi duba yara, ya buɗe ido ya ce, "Yaya, har yanzu bayanki na wari?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Har gobe."

Sannan ya ce, "Kin tuna ranar da kika duba ni?"

"Bar maganar nan, Auta."

"A'a, bari in faɗa. Ranar murna na yi da kika kira ni. Na ce shi ke nan, Yaya ta kama ni, za ta zage ni, ta mare ni, ta san yadda za ta yi da ni. Na gaji a lokacin, wallahi na gaji, baya kawai nake so ya daina ciwo, abin ya fi ƙarfina. Takardar tana nan a aljihun gaba, a rigar da kika naɗe. Har hannunki ya goge ta, na ji ta yi ƙara." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Da kin ce, Auta, kana sha? Da na ce e. Ban taɓa iya yi miki ƙarya ba. Amma ba ki tambaye ni ba, hannuna kika tambaya."

Ba da zafi ya faɗa ba, shi ne abin da ya fi ci mata rai. Ta kama hannun nan mai ɗige-ɗige ta kifa goshinta a kai tana cewa ya yafe mata. Ya ce, "Haba Yaya, me kika yi? Ni na sha." Bai kai ƙarshen makon ba.

Bayan an share makoki ta je taron kwamiti, ta miƙe ba a ba ta izini ba. Ta faɗi komai, da kwano, da ido, da zuwan mai kemis. Ta ce abin da ke bakin teku daban, na garin nan daban. Ta ce a bar masu kemis su sayar da sirinji, a nemo wa 'yan tasha likitan baya da maganin da ke sauke mutum daga abin a hankali, a cire hoton nan da ba wanda ya ga kansa a ciki. Dillali ya saurara da ladabi, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce umarni daga sama yake, ba su da ikon taɓa hoto. Game da sirinji kuwa, ya ce, "Ai rigakafi ya fi magani. In mun ba su yau, gobe 'ya'yanmu ne. Ke kika koya mana." Aka tafa masa. Maganarta ce, ba ƙari ba ragi, ta girma ta fi ƙarfinta.

Yanzu kusan kullum da hantsi za ka gan ta a tasha, zaune a kan wata tsohuwar taya a inda rumfar Auta take, da jaka a cinya. Mai kemis yana ba ta sababbin sirinjin da take rabawa ta ƙofar baya, ba ya tambaya. Da farko mutanen suna hango ta suke jan hannun riga ƙasa su canza hanya. Sai da ta daɗe tana cewa, "Bar rigarka, ɗana, ba ita na zo gani ba. Zauna. Ya bayan? Kana sha?" Wasu su tashi su ba ta wuri, wasu su ce e. Waɗanda suka yarda takan raka su asibiti da ƙafarta mai ciwo. Ba ta cewa ta ceci kowa, in ka yaba mata ma sai ranta ya ɓaci.

Matar Auta tana nan a gidan da 'ya'yanta. Gwaji ya nuna ita ma ta ɗauki ciwon hantar, tana karɓar magani, ana ɗibar jininta lokaci-lokaci. Kullum da safe takan zo ƙofar ɗakin ta durƙusa ta gaida Yaya, ta kawo mata ruwan zafi saboda gwiwa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa "ai na faɗa miki" ba. Yaya ta sha roƙon Allah a ranta matar nan ta zage ta ko sau ɗaya ne, ta samu sauƙi, amma ina.

Ranar ɗibar jini ta ƙarshe tare suka je. Suna zaune a benci a bakin ɗakin gwaji, nas ta leƙo ta ce mai bi ta shirya hannu. Matar ta fara kokawa da hannun rigarta, ya matse, ɗayan hannun kuma yana riƙe da kati. Sai ta juyo, ba tare da wani nufi ba, ta miƙo hannun.

"Yaya, ɗan naɗe min."

Yaya ta kai hannu, amma ta kasa kama bakin rigar. Ta gwada, ta sake gwadawa. Matar ta dube ta, ta gane, ta sa katin a baki ta naɗe abinta da kanta, ta shiga.